Ɗinki ko Shafi: Zaɓin da Ke Gaban Mai Kumburin Babbar Jijiya

Hoton fitsari aka tura Kawu ya yi. Ya daɗe yana tashi sau huɗu sau biyar cikin dare, irin lalurar nan ta dattawa, sai likita ya ce a duba mafitsara da ƙoda. Ni na kai shi. Mai ɗaukar hoton ya shafa masa man nan mai sanyi a ciki, yana goga na'ura suna hirar farashin albasa, sai na ji hirar ta tsaya. Ya matsa sama da cibiya, ya danna, ya auna wata baƙar da'ira a allo, ya goge, ya sake aunawa.

"Baba, an taɓa ce maka kana da kumburi a jijiya?"

"Wace jijiya kuma? Ni dai hitsari yak kawo ni."

Santimita 4.7 aka rubuta a takardar. Haka ake gano mafi yawan masu wannan ciwo, a je neman wani abu a yi tuntuɓe da shi. Ba ya zafi, ba ya hana cin tuwo, ba ya hana zuwa masallaci. Wani siririn mutum in ya kwanta rigingine yakan ji abu na bugawa a cikinsa kamar zuciya ta sauko cibiya, amma galibi ko wannan babu.

Kalmar jijiya ta ɗauki kaya da yawa a Hausa. Wadda ake magana a nan ita ce uwar hanyoyin jini duka, awota a bakin likitoci. Daga zuciya take tashi, ta hau kaɗan, ta lanƙwaso kamar kan kwagiri, ta gangara jikin ƙashin baya ta ratsa ƙirji da ciki tana ba kowace gaɓa reshenta: kai, hannuwa, hanta, hanji, ƙoda. Daidai cibiya sai ta rabu biyu, kowace ƙafa ta ɗauki ɗaya. A cikin ciki faɗinta bai cika wuce santimita 2 ba. In ya kai 3 an shiga kumburi, kuma mafi yawansa ƙasa da rassan ƙoda yake fitowa.

Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a fadamar Kwalkwalawa ya ga irinsa. Tiyo ya sha rana ya tsufa, ka ta da inji, sai wuri guda ya yi tulu. Wurin nan ba ya komawa, kullum ƙara buɗewa yake, yana buɗewa kaurinsa na raguwa. Bangon jijiya ma haka: gwargwadon faɗinsa, gwargwadon jan da yake sha daga bugun jini. Shi ya sa babban kumburi ya fi ƙarami saurin girma, ya kuma fi shi kusa da fashewa. Tiyo in ya fashe ka ruga ka kashe inji. Zuciya kuwa ba ta da makunni.

Fashewar kan zo da ciwon baya ko na kwiɓi farat ɗaya, mai tsanani, da gumi da jiri, wani lokaci da suma. Ta yi kama da tsakuwar ƙoda sosai, har ƙwararru kan ruɗe. Don haka ake koya wa matasan likitoci cewa dattijon da ya haura 60 ya zo da "tsakuwar ƙoda" karo na farko a rayuwarsa, a duba babbar jijiyarsa tukuna. In aka haɗa waɗanda suka cika a gida, da na hanya, da na kan gadon tiyata, kusan takwas cikin goma ba sa tsira. Wannan lissafin ƙasashen da motar asibiti ke isa ƙofar gida cikin mintuna ne. Ka kwatanta da wanda za a ɗauko daga Tangaza ko Isa ko Sabon Birni, a fara neman mota, sannan a nemi jini. A wurinmu irin wannan mutuwar sunanta fuju'a, kafin azahar an kai mutum makwancinsa, ciwon ba ya shiga kowane lissafi.

Akwai wani abu da ya kamata 'yan rakiya su sani. Mu a nan, majiyyaci na zuwa a galabaice maganar farko ita ce a sa masa ruwa, in ba a sa ba a ce ba a kula shi ba. A wannan ciwo yawan ƙarin ruwa na iya zama ajali. Sau da yawa jinin da ya zuba kan daskare a bayan hanji ya ɗan toshe ɓarakar, ruwan da aka ɗura da yawa sai ya ɗaga bugun jini ya tunkuɗe toshiyar. Saboda haka da gangan likitoci ke barin awon jini na sama ya tsaya wajen 70 zuwa 90, muddin mutum na magana yana gane mutane, har a shiga ɗakin tiyata.

Da wannan a zukatanmu muka je wurin likitan tiyata, shi kuwa ya ce ba za a taɓa Kawu yanzu ba, a dawo a sake aunawa bayan 'yan watanni. Babbar 'yarsa ta ce wannan ai kwana da maciji ne a ɗaka. Ni ma a lokacin na ɗauka uzuri ne irin na rashin kayan aiki. Ashe gaskiyarsa. An yi wannan gardamar a Birtaniya an gwada ta: aka raba masu kumburin da ke tsakanin santimita 4 da 5.5 gida biyu, wasu aka yi musu aiki nan take, wasu aka riƙa auna su. Sakamakon ya fito a 1998, aikin gaggawar bai ƙara wa kowa kwana ba. Amurka ta maimaita irinsa kan tsofaffin sojojinta, a 2002 ta samu amsa ɗaya. Dalili a fili yake. Ƙaramin kumburi, haɗarin fashewarsa a shekara bai cika wuce ɗaya cikin ɗari ba, aikin da za a yi don hana fashewar kuwa ya fi haka kisa. Daga nan aka tsayar da iyaka: santimita 5.5 ga maza, wajen 5 ga mata tunda jijiyarsu ta fi ƙanƙanta kuma takan fashe da wuri, ko kuma kumburin da ya ƙaru da santimita guda cikin shekara, ko wanda ya fara ciwo. A matsakaici kumburi na ƙaruwa da milimita 2 zuwa 3 a shekara, wasu dattawan har su koma ga Allah da wani dalili dabam bai kai iyakar ba.

Jiran ba na naɗe hannu ba ne. Babu ƙwayar da aka tabbatar tana rage kumburin, babu jiƙo, babu tsimi. Abin da ke rage masa gudu barin taba ne. A duk abubuwan da ke jawo ciwon, taba ce kan gaba nesa ba kusa ba. Sai tsufa, da zama namiji, da hawan jini, da gado, don wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa na jini ya yi shi haɗarinsa ya ƙaru. Kawu ya yi sama da shekara talatin yana shan sigari a bayan shago, ya bi da goro, a zatonsa ba wanda ya sani. Kowa ya sani. Ranar da likita ya ce masa kowane kara na ƙara buɗe tulun, ya zaro kwalin daga aljihun 'yar shara ya ajiye kan tebur. Sau biyu ya koma kafin ya bari da gaske. Abin mamaki, ciwon suga da ke lalata sauran jijiyoyi, masu shi sun fi ƙarancin wannan kumburi.

Ga wata kuma da ta shafe mu kai tsaye. A watan Disamba na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa Cipro, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, da danginta na iya ƙara haɗarin tsagewa ko fashewar babbar jijiya, kada a ba mai kumburi sai in babu wani maganin. Ko a wane kemis na unguwa ka ce kana jin zazzaɓi da kasala, kafin ka rufe baki an ce taifot ne an miƙo maka ita. Mai wannan ciwo ya riƙa faɗa wa duk wanda zai rubuta masa magani.

Sai dai iyakar 5.5 ɗin nan an samo ta ne daga tsofaffin Turawa masu shan taba, kuma kumburinmu a Afirka ba duka ke bin wannan layi ba. Ana ganinsa a jikin matasa, wanda ƙwayar cuta ta ci bangon jijiyarsu: tarin fuka, ƙanjamau, tunjere da ya daɗe ba a yi magani ba, ko wasu dangin ƙwayar da ke kawo taifot. Akwai kuma cutar Takayasu mai kama jijiyoyin 'yan mata da matasan mata. Kumburin da cuta ta haifar ba ya jiran awo, yakan zo da zazzaɓi da ciwo, ya girma cikin makonni. Wanda ya karanta 5.5 a waya ya ce ɗansa mai shekara 30 da zazzaɓi ya jira, ya yi kuskure babba.

Idan lokacin aiki ya yi, hanya biyu ce. Ta farko ɗinki. Kafin a iya ta, dabarun kame-kame ake yi. A 1948 likita Rudolph Nissen ya buɗe cikin Albert Einstein ya tarar da kumburi, abin da ya iya shi ne naɗe shi da leda don jiki ya yi tabo a kewaye ya riƙe bangon. Ya riƙe shekara shida da 'yan watanni. A Afrilun 1955 ya fashe, Einstein ya ƙi a sake yi masa aiki, ya mutu yana da shekara 76. A tsakanin nan ne, a 1951, Charles Dubost a Faransa ya yanke kumburi ya maye gurbinsa da guntun jijiyar wani mamaci, majiyyacin ya tashi. Jijiyar mamaci ba a samunta a kasuwa, sai Michael DeBakey na Amurka ya sayo yadin Dacron a kanti ya ɗinka bututu da keken ɗinkin matarsa. Har gobe irin yadin nan ake amfani da shi.

Ana tsaga ciki daga ƙasan ƙirji zuwa mara, a kawar da hanji gefe, a maƙale jijiyar sama da ƙasan kumburin, a buɗe tulun a kwashe gudan jinin da ya taru, a ɗinke bututun yadi a lafiyayyen nama sama da ƙasa, sannan a lulluɓe shi da tsohon bangon. Maƙalewar nan ita ce wurin tsoro: zuciya na turo jini ta tarar an rufe mata babbar hanya, in an buɗe kuma jini ya kwarara ƙasa lokaci guda. Zuciya mai rauni ba ta jure wannan. Ƙoda na iya taɓuwa, hanji na iya rasa jini, daga baya wurin ɗinkin ciki na iya yin ƙaba, wasu mazan kuma sukan ga canji a harkar iyali, abin da ba a cika faɗa ba sai an tambaya. Mako guda zuwa kwana goma a asibiti, wata biyu zuwa uku kafin ƙarfi ya dawo. Amma wanda ya haye, galibi ya haye ke nan. Yadin da aka ɗinka da zare ba ya zamewa.

Hanya ta biyu ita nake kira shafi, irin wanda tela ke yi wa babbar riga daga ciki. Ba a buɗe ciki. Ana huda jijiyar gindin cinya hagu da dama, a zura siririyar waya har cikin babbar jijiya ana kallo a allon hoto, a bi wayar da bututun yadi mai ragar ƙarfe a jiki wanda aka matse cikin kube mai kaurin alƙalami ko ɗan fi. An kai daidai ƙasan rassan ƙoda sai a janye kuben, ragar ta buɗe ta kama bango. Siffarsa ta wando ce, ƙugu a sama, ƙafa biyu kowace ta shiga reshen da ke zuwa ƙafa. Jini ya koma bi ta cikin wandon, tulun ya huta, da sannu ya motse. Nikolai Volodos ya fara irin wannan a jijiyar ƙirji a birnin Kharkiv na Yukren a 1987, lokacin Tarayyar Sobiyat, duniya ba ta ji ba. Sai da Juan Parodi ya yi na ciki a Ajantina a 1990 abin ya bazu. Likitoci na taƙaita sunansa da EVAR. Kwana biyu ko uku an sallami mutum, wani ma ba a sa shi barci gaba ɗaya. A Amurka yau mafi yawan aikin kumburin ciki ta haka ake yi.

Wa zai ji wannan ya zaɓi wuƙa? To, a nan ne maganar take. Birtaniya ta sake yin gwaji kan mutum sama da dubu, rabi ɗinki rabi shafi. A 2004 aka bayyana cewa cikin kwana 30 na farko, 1.7 cikin ɗari na masu shafi suka mutu, masu ɗinki 4.7. Rata ce babba, ba wanda zai raina ta. Amma ba a rufe littafin ba, aka ci gaba da bin mutanen. Cikin 'yan shekaru ratar ta ɓace, adadin waɗanda ke raye ya zo ɗaya. Da aka fitar da lissafin shekara 15 a 2016, sai ga shi bayan shekara takwas masu shafi sun fi mutuwa, kuma babban dalilin shi ne tulun da aka ce an huta da shi ya dawo ya fashe. Masu kare shafi na cewa kayan da aka yi gwajin da su tsofaffin ƙira ne, na yanzu sun fi kama bango, kuma akwai gaskiya a ciki. Duk da haka, a 2020 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta ce wanda jikinsa zai iya ɗaukar ɗinki, ɗinkin za a fara ba shi, bayan doguwar taƙaddama da likitocin jijiya.

Me ke dawo da tulun? Shafi ba a ɗinke yake ba, tokarewa ya yi. Jijiyar da ya tokara kuwa nama ce mai ciwo, tana ci gaba da buɗewa da shekaru. In bakin sama ko na ƙasa ya saki, jini zai sulale ta gefe ya koma cikin tulun da cikakken ƙarfinsa. Haka in mahaɗin ƙafar wandon ya rabu ko yadin ya huje. Waɗannan sai an gyara da wuri. Akwai kuma yoyo mai sauƙi, wanda ya fi yawa, inda ƙananan rassan da ke zuwa baya da hanji ke dawo da jini da baya cikin tulun. Shi sau da yawa yakan tsaya da kansa, ana sa masa ido ne kawai, sai in tulun ya fara girma. Duk waɗannan ba wanda majiyyaci ke ji a jikinsa. Hoto kaɗai ke nuna su. Don haka sharaɗin shafi shi ne hoton CT, na babbar na'urar nan da ake zura mutum ciki, bayan wata guda, sannan a riƙa dubawa duk shekara har ƙarshen rayuwa.

Ba kowace jijiya ce ma ke karɓar shafi ba. Ana buƙatar lafiyayyen wuri tsakanin rassan ƙoda da farkon kumburi, likitoci na ce masa wuya, mai tsawon milimita 10 zuwa 15 aƙalla, wanda bai karkace da yawa ba. Jijiyoyin ƙugu su kasance da faɗin da kuben zai wuce. In wuyan gajere ne, akwai wando mai tagogi da ake ƙerawa daidai jikin mutum don rassan ƙoda su sha jini ta ciki, amma sai an jira makonni, kuɗinsa kuma wani labari ne. Cusa shafi na gama-gari a gajeren wuya don dai a ce ba a yanka ba, shi ne mafarin yawancin yoyon da ke kisa.

Bayan shekara biyu da rabi na Kawu ya kai 5.7. Kafin mu gama shawara wani dillalin asibitocin waje ya samu labari, irin waɗanda ke haɗa biza da masauki da tafinta zuwa Indiya ko Alƙahira. Takardarsa mai sheƙi ce, maganarsa ɗaya: aiki ba yanka, kwana uku Alhaji na gida. Bai yi ƙarya ba. Abin da bai ambata ba shi ne shekara ta biyu da ta biyar da ta goma. Wa zai duba hoton? In an ga yoyo, wa zai gyara, da wane kaya, da wane kuɗi, bayan an riga an sayar da fili an kashe miliyoyi a tafiyar farko? Ɗan Landan da aka yi wa shafi wasiƙa ke zuwa masa gida ta tuna masa ranar hoto. Mutumin Gwadabawa ba mai aiko masa da komai.

Ra'ayina ke nan, kuma na san akwai likitocin da za su ja da ni: ga ɗan Sakkwato mai shekara 60 da 'yan kai, zuciya lafiya, huhu lafiya, wanda ake sa ran zai ƙara shekara goma sha biyar ko ashirin, ɗinki a hannun wanda ya saba yin sa ya fi dacewa da rayuwar da zai dawo ya yi. Ya sha wuyar sau ɗaya. Sharaɗin "wanda ya saba" ba ado ba ne. An daɗe da tabbatar da cewa asibitin da ke yawan yin aikin ya fi ƙarancin asarar rai, don haka tambayar likita sau nawa yake yi a shekara ba rashin kunya ba ce. Ga tsoho mai shekara 80, ko mai raunin zuciya, ko wanda aka sha buɗe cikinsa, shafi rahama ne, kuma matsalar bayan shekara takwas ba lalle ta riske shi ba. Akwai ma wanda rauninsa ya kai a bar shi kawai, kowane aiki ya fi kumburin haɗari gare shi.

Kawu bai samu zaɓin ba. Gwajin numfashi ya nuna sigari ta riga ta ci rabonta a huhunsa, likitan sa barci ya ce ba zai so ya ga an buɗe cikin nan ba. Wuyan jijiyarsa kuwa dogo ne miƙaƙƙe. Shafi aka yi masa, a waje, kwana na uku yana yawo a baranda yana neman inda ake sayar da goro.

Wannan ciniki na sauƙin yau da ɗorewar gobe yana bin duk dangin ciwon. Akwai tsagewar babbar jijiya, inda fatar ciki ke yagewa jini ya kutsa tsakanin bango ya raba shi biyu, da ciwon ƙirji kamar ana keta mutum har gadon baya. Hawan jinin da aka yi wa sakaci ne babban mai jawo ta. In ta kama sashen da ke tashi daga zuciya, sai buɗe ƙirji cikin gaggawa da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, don a kwana biyun farko kowace sa'a na cin ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa aiki ba. DeBakey kansa ita ta kama shi, aka yi masa aikin da ya koyar da duniya a 2006 yana da shekara 97, ya ƙara shekara biyu. In sashen da ke gangarowa ne, magungunan sauke bugun jini ake fara bayarwa, shafi ya biyo baya in ta rikice, tare da fargabar shanyewar ƙafafu idan laka ta rasa jini. Haɗarinta na musamman shi ne a zaci ciwon toshewar jijiyar zuciya ne a ba da maganin tsinka jini.

Wanda muka fi gani a gidajenmu kuwa toshewa ce, ba kumburi ba: dattijo mai suga ko mai shan taba da sharaɓarsa ke ɗaurewa in ya yi 'yar tafiya, ya tsaya ta saki, daga baya ɗan yatsa ya yi baƙi, gyambo ya ƙi warkewa, a yi ta shafe-shafe har a kai ga yanke ƙafa. Tun 1964 Charles Dotter a Amurka ya buɗe toshewar ƙafar wata tsohuwa mai shekara 82 ta cikin jijiya bayan ta ƙi yarda a yanke, ta koma gida da ƙafarta. Yau ana buɗewa da balan-balan, ko a ciro jijiyar mutum ta ƙarƙashin fata a yi wa jini kewaye da ita. Wani babban gwaji da aka bayyana a 2022 ya nuna mai kyakkyawar jijiyar da za a ciro, kewayen ya fi yi masa ƙarko. Kafin a sa hannu a takardar yanke ƙafa, a tambaya ko an duba hanyar jinin.

Abin da ke ci mini rai shi ne arhar ganowa. Ingila na gayyatar kowane namiji a shekarar da ya cika 65 a duba masa jijiyar nan sau ɗaya. Amurka na ba da shawarar haka ga maza 'yan 65 zuwa 75 da suka taɓa shan taba. Na'urar ita ce dai wadda ake duba masu juna biyu da ita, wadda ke kusan kowane lungu na Sakkwato, daga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har ƙananan ɗakunan hoto na bakin titi. Dattawa na kwanciya a ƙarƙashinta kullum saboda fitsari. Matsar da hannu daga mara zuwa saman cibiya minti biyu ne. Wanda ya duba Kawu ya matsar, ba don an rubuta masa a takarda ba. Bayan haka na tattara ƙannen Kawu biyu na kai su, aka samu nasu lafiya.

Da shekara ta zagayo na je ɗaukarsa zuwa hoto, na same shi a zaure yana jin rediyo.

"Kawu, yau ce ranar."

"Ranar mi? Ba an yi aiki an ƙare ba? Ni lahiyata lau."

Sai da na haɗa shi da Inna kafin ya sa hula. Na riga na koyi kaucewa watan azumi da tsakiyar zafin Afrilu, saboda ruwan allurar da ake yi kafin CT na wahalar da ƙoda in jiki a bushe yake, kuma sai an gwada ƙodar tukuna. Hoton farko ya nuna ɗan yoyo ta baya, irin mai sauƙin. Na ɗauki faifan na kai wa likitan nan gida, na kuma tura wa wanda ya yi aikin ta WhatsApp, ya amsa bayan kwana tara. Duka biyun suka ce a sa ido. A na biyu yoyon ya tsaya, tulun ya sauko zuwa 5.1, aka ce daga yanzu hoton ciki na yau da kullum ya isa sai in an ga canji. Fayil ɗin na cikin wata jakar fata a ɗakina, da faifai uku da katin da ke ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera wandon da lambarsa. Na gaba bayan babbar salla ne, kuma Kawu ya riga ya ce a gaya wa yaron nan ya ɗumama man kafin ya shafa.